Wurin da Inna Ta Rage Murya

Shekarun baya ne, wata Talata da hantsi. Ina tsugune a bayan abbatuwa ina barbaɗa wa fatun shanu gishiri, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na goge hannu a gefen wando na ɗauka. Matar yayana ce.

"Baba ƙarami," ta ce, haka take kirana saboda yara, "likita ya ce mu tafi da shi gida."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Sauƙi ya samu ke nan?"

Ina jin hayaniyar asibiti ta bayanta, wata mata tana ƙwala wa wani kira da Yarabanci. Can ta ce, "Ya ce mu kai shi gida, mu ba shi duk abin da ransa yake so."

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san fassarar wannan magana. Na bar fatun a shanye, ko abokin sana'ata ban gaya wa inda za ni ba, na tare okada.

Yayana mai gyaran rediyo ne. Shagonsa na nan Agege, kusa da layin dogo, wani ɗan ɗaki da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Shi ya riga ni zuwa Legas, shi kuma ya aika aka kawo ni. Da farko ya so ya koya mini aikinsa. Na yi ta ƙona rediyon mutane har ya gaji da ba da haƙuri. Ran nan ya kama hannuna ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Wannan hannun, Allah bai yi shi don taransista ba." Ya kai ni wurin wani mai sayen fata. Tun daga ranar yake kirana Sarkin Fawa, alhali ko ɗan akuya ban taɓa yankawa ba.

Hawan jini ne ya fara kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, daga baya ƙoda ta biyo. Amma hankalinsa garau yake. Maganar ce kawai take fita a dagule, matarsa kaɗai ke iya warware ta gaba ɗaya.

Da muka kwantar da shi a ɗakinsa, ta kawo kunu, ya kau da kai. Ta kawo ruwa, ya ɗan jiƙa baki. Sai ya ɗaga hannun hagu yana nuna saman kabad. Na hau kujera na sauko da abin da yake nunawa. Wani akwatin katako ne da ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi: wurin sa kaset a sama, amfilifaya a ciki, sifika babba a gaba. A kan akwatin akwai gwangwanin shayi, a cikin gwangwanin akwai kaset ɗaya naɗe a hankici.

Yaran yanzu ba lalle su san wannan ba. Kafin waya ta shiga hannun kowa, mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, takan je gidan wani maƙwabci mai rediyo a garinmu, a sa mata kaset, ta zauna a gabansa ta yi ta magana kamar ga mu nan zaune. Sai a ba direban motar shanu mai zuwa Legas, ya kawo mana har abbatuwa. Mu ma mu ɗauki namu mu mayar. Kaset-kaset ɗin sun taru da yawa, amma shekarar da ruwa ya shiga ɗakin Yaya ya lalata su. Wannan kaɗai ya tsira. Inna kuwa ta daɗe da komawa ga Allah.

Yaya shi ne ɗan farinta. Waɗanda suka tashi a arewa sun san abin da hakan ke nufi. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. In zancensa ya kama sai ta ce "wancan", da ya koyi sana'a kuma ya zama "mai rediyo". Har ta rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Na jona akwatin, na sa kaset, na danna. Muryar Inna ta fito tana sallama, amma kamar ana yaga tsohon yadi. In ta ɗaga murya ana gane abin da take faɗa. In ta sassauta, sai maganar ta kakkarye, ta zama ƙarar-ƙarar kawai. Yaya ya rufe ido, ya kaɗa hannu. Na kashe.

Ya yi magana mai tsawo. Matarsa ta sunkuya ta saurara, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ya ce wannan ba muryarta ba ce. Ya ce wajen ƙarshen kaset ɗin akwai wurin da ta rage murya ƙwarai, ta kira sunansa. Shi yake so ya ji."

A raina na ce ciwo ne ya fara sa shi mafarki ido biyu. Inna? Sunansa? Amma likita ya ce a ba shi abin da ransa yake so, kuma ga shi ya faɗa.

Na ce bari in nemo wani rediyon kaset a unguwa. Ya harare ni da idon da ke motsi. Matarsa ta ce an taɓa gwada hakan, rediyon maƙwabci ya tauna kaset ɗin, sai da Yaya ya yini yana liƙa shi. Na ce to in kira wani mai gyara. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, wannan ko ni na gane shi. Ya sha faɗa cewa masu gyaran yanzu ba sa gyara, ciro hanjin abu suke yi su jefar, su sa sabo. Sai ya miƙa yatsa ya nuna ni.

"Kai," ya ce. Wannan kalmar ta fita sarai.

"Ni, Yaya? Ka manta wane ne ni?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Sarkin Fawa."

Duk yammacin ranar ya yi shi yana koya mini abin da na kasa koya ina yaro. Yana faɗa guntu-guntu, matarsa tana haɗawa, ni ina gyaɗa kai. Zan faɗe shi yadda na fahimta, masu ilimin abin su yi mini afuwa.

Na kwance murfin akwatin. A ciki akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari, an ɗaure taransista manya guda biyu a jikinsa, masu hular ƙarfe. Ya ce su ne ke tura sifika. Ɗaya ya tura gaba, ɗaya ya jawo baya, suna miƙa wa juna murya kamar yadda masu lodi a abbatuwa ke miƙa wa juna cinyar sa. In mai karɓa yana gyangyaɗi, kafin ya farka kaya ya faɗi ƙasa. Taransista kuwa ba ya farkawa sai an ɗan tsiyaya masa wuta a ƙafar da ke buɗe shi, tun kafin sauti ya zo. Wannan 'yar wutar ita suke kira bayas. In babu ita, ƙara mai ƙarfi za ta wuce, don ita da kanta tana tashin su. Amma magana a hankali ba ta da ƙarfin tashin kowa, sai ta faɗa cikin ramin da ke tsakaninsu.

Na ce, "To ai sai a ba su da yawa, su zauna ido buɗe."

Ya ce a'a. In ta yi yawa sai su biyun su kama jan kaya lokaci ɗaya, su yi zafi. In sun yi zafi su ƙara shan wuta, in sun ƙara sha su ƙara zafi, har su ƙone.

Ya ce hanyoyin ba da bayas suna da yawa. Akwai ta malalaci, a jawo resista ɗaya daga wuta a ɗora, a bar wa Allah. Akwai ta mai hankali, a raba wutar da resista biyu, a sa na uku a ƙafar ƙasa ya riƙa taka birki. Wasu kuma dayod suke jerawa. Shi a akwatinsa wani ɗan ƙaramin taransista ya sa, baƙi, bai fi ƙwayar wake ba, tare da wani ɗan abin juyawa da suke kira firiset. Su biyun ne ke auna wa manyan abincinsu. Ya sa na ɗora mitarsa ta awon wuta a ƙafafun ƙaramin, ta yi ƙara. Ya ce ya mutu. Firiset ɗin ma damshin Legas ya sa shi tsatsa.

Washegari da sassafe na shiga danfo, motar haya, zuwa Oshodi, wurin abokin Yaya mai sayar da kayan gyara. Mutumin kudancin Kaduna ne, tare suka yi samartaka a Legas. Da ya ji abin da likita ya faɗa, sai ya zauna a kan benci.

"Kai, ɗan'uwa," ya ce. "Ranar Lahadi ma mun sa shi a addu'a a coci."

Ya ciro ƙaramin taransistan da firiset ya ƙulle a leda. Sannan ya shiga bayan shago ya kwance wani tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, ya ce Yaya zai nema, kuma irinsa ya yi wuya yanzu.

"Masu hular ƙarfen nan fa, suna da rai?"

Na ce Yaya ya ce suna da rai.

"To ka riƙe su kamar idonka. Irin na da ne. Waɗanda ke kasuwa yanzu hular ce kawai, ciki babu komai, kana kunnawa za su tafi. In ka ƙona su, sai dai a je a yi ta haƙa a tsofaffin kaya a kasuwar Idumota, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne." Ya dubi hannuwana. "Wai kai ne za ka yi?"

"Haka ya ce."

"Yesu," ya ce a hankali. "To Allah ya taimake ka, Oga Fawa."

A hanyar dawowa muka maƙale a cunkoso. Matar Yaya ta kira ta ce ya yi amai, numfashinsa ya canja, yana ta tambaya ko na iso. Na sauka daga danfon na bi tsakanin motoci da ƙafa har na sami okada. Na iso gida gumi sharkaf, na tarar an ɗauke wuta.

Na ce bari in aro janareto. Ya ƙi. Ya ce wutar janareto hawa take tana sauka, ba a saita bayas a kanta. Haka muka zauna. Ina kallon ƙirjinsa yana tashi yana faɗawa, ina kallon ƙwan ɗakin. Matarsa tana yi masa fifita da murfin kwali. Na yi sallar azahar a bakin ƙofa, ban san me na karanta ba. Ina sallamewa yaran layi suka ɗauki ihu, an kawo wuta.

Muka jawo tebur gefen hagunsa. Ba ya iya ɗaga kai ya leƙa cikin akwatin, sai matarsa ta ɗauko madubinta ta riƙe masa a karkace. Na jona ayan, ƙarfen da ake narka dalma da shi. Yatsuna da suka saba damƙar fatar bijimi suka rasa yadda za su riƙe abu kamar ƙwayar wake.

"Oya, Baba ƙarami, ba kaza za ka fige ba," in ji matarsa.

Tsohon ƙaramin taransistan yana manne a jikin ƙarfen nan mai haƙarƙari, an danne shi da wani ɗan maƙali. Na cire maƙalin na jefa cikin gwangwani, na canja firiset, na ciro mataccen, na sa sabon. Da na gama liƙa ƙafafunsa, sai na dube shi, ɗan mitsitsi a gefen ƙarfen da aka ce yana zafi. A sana'armu duk abin da kake so ya daɗe, nisanta shi kake yi da zafi. Sai na ɗan lanƙwasa shi gefe, ya tsaya shi kaɗai yana shan iska. Madubin bai kai wurin ba. Ni kuma ban ga abin faɗa ba.

Yaya ya sa na haɗa tsohon ƙwan a kan wayar da ke kawo wuta, yadda in wani abu ya ɓaci ƙwan zai shanye wutar ya haska, maimakon akwatin ya ƙone. Na kunna. Ƙwan ya yi walƙiya, ya koma ja-ja, ya kusa mutuwa. Yaya ya lumshe ido, alamar lafiya. Na ɗora mita a kan wani farin resista mai kama da guntun alli a gindin manyan. Ya ce in riƙa juya firiset da sukudireba, kaurin gashi kaurin gashi, har mita ta nuna ashirin. Na juya. Lambar ta tashi daga sifili, ta hau a hankali, ta kai. Ya ce in cire ƙwan in ba akwatin wuta kai tsaye. Na cire, na sake daidaitawa.

Bai yarda a fara da kaset ɗin Inna ba. Muka sa wani tsohon kaset na karatu. Murya ta fito tas, kamar mai karatun yana zaune a bakin gado. Matarsa ta ajiye madubi ta tafa hannu. Ni kuwa har na fara jin kaina. Na ce, "Yaya, ashe dai shagon nan ni ya kamata ka bar wa."

Muna cikin haka na ga hancinsa yana motsi. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya sake ƙoƙari, sai wani gurnani. Matarsa ta sunkuya, "Me kake so, Malam? Ruwa?" Ya bugi katifa da hannu yana nuna akwatin. Na kai tafin hannuna kan ƙarfen mai haƙarƙari.

"Ɗumi ne kawai, Yaya."

Na manta gishiri da fata sun daɗe da kashe mini tafin hannu, ina iya ɗaukar garwashi ban ji ba. Matarsa ta taɓa, ta ce ita ma ba ta ji wani zafi ba. Ita kuwa awara take soyawa kullum, da yatsa take juya ta a cikin mai. Mu uku a ɗakin, mai hannun da ke jin zafi shi ne wanda ba ya iya magana.

Sai idona ya faɗa kan mita. Lambar da na bari a ashirin ta ninka, ta sake ninkawa, tana gudu ba wanda ya taɓa ta. Na tsaya sororo, sukudireba a hannu, na rasa ko hagu zan juya ko dama. Yaya ya yunƙura da ɓarin da ke aiki, ya cafko wayar wuta ya fizge ta daga bango. Rabin jikinsa ya zubo daga gado. Matarsa ta yi salati ta tare shi.

Muka mayar da shi. Yana haki, leɓɓansa sun yi fari. Ɗakin ya cika da warin ƙura mai ƙuna. Na kai bayan hannuna kusa da ƙarfen, ban ma taɓa ba na ji hucinsa.

"Sun tafi?" na tambaya.

Ya ce a jira su huce. Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Maganar mutumin Oshodi tana ta yi mini yawo a ka. Ga Yaya yana jan numfashi da ƙyar saboda yunƙurin da ya yi, kuma na san ba shi da kwanakin da za a je haƙa a Idumota.

Da suka huce ya ce in mayar da mita wurin da take ƙara, in ɗora tsinke ɗaya a hula, ɗaya a ƙafa. In ta yi ƙara ta zarce, ya mutu. Na ɗora a na farko. Shiru. Na koma na biyu. Ina ɗorawa mita ta yi ƙara siririya. Matarsa ta dafe ƙirji. Kafin in cire hannu ƙarar ta yanke da kanta.

Na dubi Yaya. Ya daɗe yana kallona, kamar da gangan.

"Kafasita ce ta sa ƙarar, ba su ba," ya ce. "Suna nan."

Na zauna a ƙasa.

Ya ce a kawo madubi, a zagaya da shi ko'ina. Da ya kai kan ɗan ƙaramin taransistan yana tsaye shi kaɗai, sai ya tsayar da hannun matarsa.

"Wa ya raba shi da su?"

Na ce, "Ni ne. Na ga ƙarami ne, kada zafi ya kashe shi."

Ya rufe ido. Kafaɗarsa ta fara girgiza, na tsorata, ashe dariya yake yi. Dariyar ta koma tari, matarsa ta ba shi ruwa tana ce masa pele, pele, sannun Yarabawa.

"Ba nama ba ne, Sarkin Fawa," ya ce.

Sauran ita ta fassara. Ya ce aikin ƙaramin shi ne ya ji zafin manyan a jikinsa. In sun yi zafi shi ma ya yi zafi, sai ya rage musu abinci su huce. In ka matsar da shi gefe, yana can cikin sanyi, bai san suna ƙonewa ba, zai ci gaba da zuba musu yadda aka saita shi.

Na lalubo maƙalin daga gwangwani, na shafa wa ƙaramin wani farin mai da Yaya ya nuna, na manne shi a jikin ƙarfen na danne. Muka koma farko: ƙwai, mita, kaurin gashi. Wannan karon na ja teburin har ya taɓa gado, Yaya ya ɗora bayan yatsunsa a kan haƙarƙarin. Ba wanda ya yi wasa. Lambar ta kai ashirin, ta ɗan haura, zuciyata ta haura tare da ita. Sai ta tsaya. Can ta sauko kaɗan, ta zauna. Muka bar kaset ɗin karatu ya yi ta yi har aka kira la'asar, ba ta motsa ba.

Bayan na idar da salla ya nuna hankicin.

Inna ta yi sallama. Muryarta ce, da ɗan kaushin nan nata na mai yawan zama kusa da murhu. Ta tambayi maƙwabcin ko abin yana ɗauka, ya ce yana ɗauka, Inna. Ta gaishe ni da sunana, ta ce an gaya mata na rame, in riƙa cin abinci. Ta gaida matar Yaya da jaririnta. Ta ba da labarin gero, da akuyar da ta haifi biyu ɗaya ya mutu, da rufin ɗaki da ke yoyo. Ta lissafa mutanen da suka rasu tun kaset ɗin baya. Can ta ce, "A gaida mai rediyo. A ce masa batiran da ya aiko sun ƙare."

Daga nan muka ji mai gidan ya ce bari ya je ya dawo, ana kiransa a waje. Ƙarar takalmi, ƙyaure ya rufu. Kaji suna kuka daga nesa. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, har na kai hannu zan kashe. Yaya ya riƙe mini wuyan hannu.

Sai muka ji ta ja numfashi. Ta matso kusa da rediyon, ta rage murya, ƙasa-ƙasa, irin ta mai magana ita da Ubangijinta. Ta ce Allah ya tsare mata shi a garin mutane. Ta ce Allah ya sa ya gama lafiya. Sannan ta faɗi sunansa. Sau ɗaya, cikakke, kowane harafi ya fito.

Matarsa ta tashi ta fita tsakar gida. Ni na sunkuyar da kai, don na ji kamar na leƙa inda bai kamata in leƙa ba. Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa babu magana har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Yaya yana kallon silin, hannunsa har lokacin yana kan nawa.

Na ce, "In mayar baya?"

Ya ce, "Ya isa."

Na ɗauko murfi zan rufe akwatin, ya hana. Ya ce ba a rufe aikin bayas ranar da aka yi shi. Sai ya kwana ya huce sarai, da safe a kunna, a bar shi ya ɗumama, a sake duba mita. In lambar tana nan, sai a ɗiga jan farce a kan firiset don kada ya motsa, sannan a ɗaure murfi. Haka yake yi wa kowane aiki tun da ya buɗe shago. Matarsa ta dawo da ido ja, ta ɗauko kwalbar jan farcenta ta ajiye a kan tebur. Ya ce mini in zo da wuri.

Na zo da wuri. Na yi asuba a masallacin unguwarsu, na tsaya sayen ƙosai don yara. Ina shiga layin na hangi maƙwabta a ƙofar gida, ana fito da tabarmin zaman makoki.

An daɗe yanzu. Yaran sun girma, babban har ya fi ni tsawo. Ban zama mai gyara ba, har gobe fata nake saya. Amma maganar ɗan ƙaramin nan da dole sai ya jingina da ƙarfen kafin ya san halin da manyan ke ciki, ba ta bar ni ba. Yawanci bayan la'asar nakan biya gidan in zauna, ko babu abin da ya kai ni. Wata rana mu yi hira, wata rana matarsa ta miƙo mini awara in ci in tashi. Ta taɓa tambayata me nake zuwa dubawa kullum. Na ce ba komai, tafin hannuna ne ba ya jin zafi daga nesa. Ta gane, ba ta sake tambaya ba.

Akwatin yana ɗakina, ita ta ce in ɗauka. Kaset ɗin yana cikin hankicinsa, ban sake sa shi ba. Abokin Yaya na Oshodi ya sha cewa in kawo ya sa a ƙarasa mini, aikin ɗan lokaci ne. Nakan ce to.

Jan farcen ya bushe a kwalbarsa. Murfin yana jingine a bango, kusoshinsa suna cikin gwangwanin shayi. Duban safen nan da ya ce a yi, har yau ban yi shi ba.